Goggon Kurudu da Rijiyar Maƙwabta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Goggo, yayar mahaifina, ta koma ga Mahaliccinta a farkon daminar bana, da hantsi, hannunta na cikin nawa.

A gidanta na Kurudu muka yi zaman makoki. Mun shimfiɗa tabarmi daidai da dangi da tsofaffin abokan aikinta, domin a zatonmu su ne za su zo. Kafin azahar tabarmin sun kasa, sai da maƙwabta suka kawo nasu. 'Yan garuwa suka jera kurarsu a ƙofar gida, suka cire takalma, suka shigo suka durƙusa suna addu'a. Matan rugar da ke bayan dutse suka shigo a jere, suka sauke ƙoren nono a gindin mangwaro, suka zauna. Can babbarsu ta tashi ta je jikin bangon kicin, inda bokitan tace ruwan Goggo suke a ɗore, ta dafa na sama da tafin hannunta, ta daɗe a haka kanta a sunkuye.

Maman 'yan biyu, maƙwabciyarta ta jikin katanga, 'yar Filato ce, Kirista, mai koyarwa a firamare. Ita ce ta fi kowa kuka. Ta zo da matan cocinsu, ta ɗaure zani a ƙugu ta shiga cikin masu girki, tana juya tuwo tana share hawaye da kafaɗa.

"Goggo ya tafi ya bar mu," take cewa da irin Hausarta ta Abuja. "Wa zai riƙa yi mana faɗa yanzu?"

Mahaifina, wanda ya taso daga Abaji tun da safe, ya kira ni gefe. Ya dubi taron, ya dube ni.

"Wai duk waɗannan mutanen Yaya ta sani?"

Na ce masa kusan kowa a cikinsu ya taɓa shan ruwan da ya bi ta hannunta. Ya girgiza kai, ya ce shi bai san wannan ɓangaren na rayuwarta ba. A nan na ƙudurta cewa zan rubuta abin da na gani, kafin mu ma da muka gani mu fara mantawa.

Goggo mai harhaɗa magunguna ce. Ta yi aiki a asibitin gwamnati har ta yi ritaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma mijinta ya riga ta rasuwa da daɗewa. Ta sayi fili a Kurudu tun wurin yana gonakin masara da rogo, ta gina ɗakuna a hankali, ta dasa mangwaro da hannunta. Doguwa ce, siririya, mai tabarau da ke rataye a wuya. Ba ta da yawan dariya, amma idan abu ya burge ta sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Ikon Allah!"

A wurinta na sauka lokacin da na zo Abuja hidimar ƙasa. Ranar da na iso, ƙishirwa ta sa na nufi famfon tankin da ke tsakar gida da kofi a hannu.

"Ba wannan ba, 'yata," in ji ta. "Wannan na wanki ne. Zo nan."

Ta kai ni wurin bokitan. An huda gindin kowanne an ɗora shi kan ɗan'uwansa. Na sama tsakuwa ce da yashi mai laushi. Na tsakiya cike yake da baƙin gawayi da aka daka ya zama kamar tsaki. Na ƙasa yana da ɗan famfo, nan ruwan yake taruwa a hankali. Daga nan ma sai ta tafasa shi, ya huce a randa, sannan a sha.

Na ce, "Goggo, ai ruwan bohol ne, fari tas."

"Fari ne," ta ce. "In na jefa ƙwayar magani guda a tankin nan ta narke, zai daina fari?"

Na ce a'a.

"To ki zauna in gaya miki abin da ya dame ni shekara da shekaru."

Ta ce kullum tana tsaye a tagar ba da magani, layi ba ya yankewa daga safe har yamma. Wata rana tana miƙa wa wani dattijo maganin hawan jini sai abin ya faɗo mata a rai. Ta sani tun a makaranta cewa maganin da mutum ya sha ba duka jikinsa ke cinyewa ba, wani sashe yana fita ta fitsari da bayan gida. Amma ba ta taɓa tambayar kanta inda yake tafiya bayan ya fita ba. A cikin gari akwai bututun da ke kwashe ƙazanta zuwa inda ake sarrafa ta. A Kurudu kuwa kowane gida da ramin masai ɗinsa, kowane gida da rijiyarsa ko bohol, kuma filayen ƙanana ne, ramin wannan yana kallon rijiyar wancan. Ga kuma maganin da ya lalace ake zubarwa a kwata, ga wanda ake ba kaji da shanu.

"Ɗan kaɗan ne," ta ce. "Ba zai kashe ki yau ba. Amma jariri yana shan maganin da ba a rubuta masa ba, mai ciki tana sha. Ƙwayoyin cuta kuma suna sabawa da shi, ranar da za a buƙace shi da gaske sai ya ƙi aiki. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, ba ta cire magani. Alif yana kwantar da laka, ba ya cire magani. Gawayi ne yake kama wani abu daga ciki."

Ba ta taɓa ƙara wa abin gishiri ba. Duk wanda ya tambaye ta ko bokitan suna cire komai, sai ta ce a'a, ragewa suke yi. Gawayin da aka sarrafa a masana'anta ya fi nata ƙarfi, kuma idan ta samu shi take zubawa. Idan babu, tana yin nata da ɓawon kwakwa, don ya fi gawayin itace tauri da kamawa.

Saboda ɓawon nan take zuwa kasuwar Zuba. Na raka ta sau da yawa. Mutane na cinikin abarba da ayaba da kankana, ita kuwa ta wuce su duka zuwa bayan rumfunan masu kwakwa, inda ake tara ɓawo don zubarwa. Tsohuwa mai tabarau da farin mayafi, a durƙushe tana zaɓar ɓawo tana ƙwanƙwasa shi da farce tana sauraron ƙararsa. Masu rumfar sun fara da yi mata dariya, daga baya suka koma ajiye mata a buhu.

"Hajiyar ɓawo ta iso!" haka suke yi mata maraba. "Oga, sauko mata da buhunta."

A gida za ta cika wani tsohon duro da shi, ta kunna wuta, ta rufe da murfi mai ƙaramar ƙofa, ta zauna a kujera tana kallon hayaƙi. Da launinsa take gane ya nuna. Idan ya huce a daka, a tankaɗe, a wanke har baƙin ruwa ya daina fita. Duk ranar da aka yi wannan aikin, har cikin hancinmu baƙi ne. Kuma ba ta yarda gawayi ya daɗe a bokiti ba. Takan ce shi ma yana ƙoshi, in ya ƙoshi sai ya fara amayar da abin da ya haɗiye.

Labarinta da rugar bayan dutse ya fara ne da wata mai kawo mata nono. Matar ta daina zuwa na ɗan lokaci, Goggo ta saka takalmi ta bi sawunta. Ta tarar da ƙaramar 'yar matar a kwance, gudawa ta zuƙe ta, an ba ta magunguna kala-kala daga kemis ba sauƙi. Goggo ba ta tsaya yi wa kowa wa'azi ba. Ta ɗauki yarinyar da uwarta a motar haya zuwa asibiti, ta zauna da su har yarinyar ta fara karɓar abinci. Sai da suka dawo gida lafiya sannan ta je ta zagaya bakin rafin da suke ɗiba. A can ta ga kwalaben allurar shanu a warwatse, a daidai wurin da ake wanke sirinji, ƙasa kaɗan kuma mata na cika tuluna.

Ta nemi ganin Arɗo. Ina tare da ita ranar. Dattijo ne mai kunya, ya saurare ta kansa a ƙasa har ta gama.

"Hajiya," ya ce, "ba na musu da ke. Amma ruwan nan idona yana ganin ƙasansa. Me za a tace a ciki?"

Goggo ta buɗe jakarta ta fito da gorar zoɓo da ta jiƙa ba sukari, ja wur. Ta ɗauko wata gora da ta yanke wa gindi ta cika da gawayinta, ta toshe bakin da auduga. Ta zuba zoɓon a hankali. Duk rugar ta taru, yara suna leƙe ta ƙarƙashin hannun manya. Ɗigon farko ya sauka a ƙwarya, kusan ba launi. Wata tsohuwa ta ja da baya tana salati.

"Ina jan ya tafi?" in ji Arɗo.

"Yana cikin gawayin," ta ce. "Wannan mai launi ne, shi ya sa ka ga tafiyarsa. Maganin shanunka ba shi da launi a ruwa, amma yana nan kamar yadda jan nan yake."

Arɗo ya karɓi ƙwaryar ya daɗe yana kallo. Bai ce ya yarda ba. Amma kafin mu tashi ya sa samari sun tsince kwalaben, ya kuma nuna musu wani wuri nesa da rafi inda za a riƙa yi wa shanu allura. Goggo ta yi ta komawa rugar har ta haɗa musu nasu abin tacewar da tukwanen ƙasa, domin ta ce abin da suka saba da shi ne za su riƙe. Ni dai har yau, duk da na san dalilin abin, idan na tuna ɗigon nan sai tsigar jikina ta tashi.

Rigima mafi zafi da na ga ta yi kuwa da ƙaninta ne, Baffa, autansu. Ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, ita ta kawo shi Abuja. Ya buɗe gidan kaji a ƙarshen layinsu, abin ya karɓe shi. Kamar yadda masu kiwo da yawa suke yi, yana zuba wa kajin magani a ruwan shansu ko ba su da ciwo, don kada su kamu. Idan aka wanke ɗakunan, ruwan yana gangarawa ta wata 'yar kwata zuwa fadamar da mutane suka haƙa rijiyoyi.

Ta yi masa magana a ɗaki, ya ce to. Ta sake yi masa, ya ce to. Ranar wata Juma'a ya kawo mata kiret na ƙwai kamar yadda ya saba, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Mayar da su."

"Yaya, me na yi?"

"Ka san abin da ka yi. Ba zan ci ƙwanka ba alhali 'ya'yan mutane na shan wankin kajinka."

Baffa ya ajiye kiret ɗin a ƙasa. "Yaya, in na daina ba su magani cuta ta shigo, a dare ɗaya zan wayi gari ba ni da komai. Iyalina fa? Kowa haka yake yi. Ni kaɗai kika gani?"

"Kai kaɗai na goya," ta ce.

Ya ɗauki ƙwansa ya fita. Ya daina zuwa gidan. Sallah ta zo bai zo gaisuwa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ranar na ga Goggo ta zuba masa abincinsa a kwanon da ya saba ci, ta rufe, ya kwana a wurin. Ta rame a watannin nan, amma ba ta aika masa ba, kuma ba ta janye maganarta ba. Mahaifina ya bugo waya daga Abaji yana roƙonta ta sassauta, ta ce masa ita ba fushi take ba, jira take.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, ta je ta samo wani likitan dabbobi, tsohon abokin aikin mijinta, ta roƙe shi ya bi ta gidan kajin kamar mai wucewa. Shi ya nuna wa Baffa yadda rigakafi da tsabta za su rage masa buƙatar magani, da yadda zai haƙa rami mai siminti ya tare ruwan wanki. Wata safiya muna shara sai ga Baffa da laka har gwiwa.

"Yaya, ki zo ki gani."

Ta saka mayafi ta bi shi. Ta zagaya ramin, ta duba inda kwatar take a da, ta ga an toshe. Ta tafa hannu sau ɗaya. Sannan ta ce, "Ina ƙwaina?" Baffa, mutum mai furfura a gemu, ya juya baya yana goge ido.

Bayan na samu aiki na yi aure, na koma wani gidan bene a Garki, amma ba na rabuwa da Kurudu a ƙarshen mako. A can na fara lura tana dafe cikinta idan za ta tashi. Da aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Ita ta fi mu natsuwa. Ta karɓi takardar magungunan da za a riƙa ƙara mata ta jijiya, ta saka tabarau ta karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

A mota muna komawa ta ce, "'Yata, ki gyara mini ɗaki a gidanki."

Na yi mamaki. Goggo ba ta kwana a gidan kowa. Ko biki ta je Abaji, hankalinta na kan mangwaronta da bokitanta. Na ce ai ni zan dawo Kurudu in yi jinyarta a ɗakinta.

"A'a. Maganin nan da za a sa mini mai ƙarfi ne ƙwarai, dafi ne da ake aunawa. Zai fita daga jikina kamar kowane magani. Ramin masai ɗina yana sama, rijiyar Maman 'yan biyu tana ƙasa, katanga ce kawai tsakani. Surukarta na da ciki. Ku a Garki bututu ne yake kwashewa."

Na ce, "Goggo, likita bai ce sai kin tashi ba. Ƙila abin bai kai ya isa rijiyar ba."

"Ƙila," ta ce. "Ni ma ban sani ba. Da na sani da sauƙi." Ta juya tana kallon titi. "Kuma kada ki gaya wa kowa. Ki ce don kusa da asibiti ne. Ba na son matar nan ta ji nauyi."

Haka ta bar gidan da ta gina, ta dawo hawa na biyu inda ba ta ganin komai ta taga sai bangon wani benen. Ba ta taɓa kokawa ba. Gashinta ya zube, abinci ya daina yi mata daɗi. Wani lokaci zan same ta zaune ta juya fuska gabas, wajen Kurudu, tana tambaya ko mangwaro ya fara fure.

Da jikin ya yi nauyi sosai, ta ce tana son ta ga gidanta sau ɗaya. Muka shirya ranar Asabar. Tun safe ta ƙi shan komai, ko shayi. Na matsa mata, ta ce in bar ta. Sai da muka hau hanyar Karu na gane dalili: ba ta son buƙatar shiga bayan gida ta kama ta a can.

Baffa ya ɗauko ta daga mota kamar yarinya, ya zaunar da ita a kujerarta a gindin mangwaro. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon 'ya'yan da suka fara nuna. Labari ya zagaya layi, mutane suka yi ta shigowa. Maman 'yan biyu ta shigo da gudu da kwanon kunun gyaɗa mai zafi, surukarta na biye da ita da jaririya a kafaɗa.

"Goggo, sha. Ni na dama da hannuna, yadda kike so."

"Na gode, na ƙoshi."

"Wane ƙoshi? Dubi bakinki ya bushe. Ko cokali ɗaya."

Goggo ta girgiza kai tana murmushi. Maman 'yan biyu ta dube ni, na kau da ido. Ta tsaya da kwanon a hannu. Na ga idonta ya tafi kan ƙofar bayan gida da aka saka wa kwaɗo, ya sauka kan katanga, ya tsaya a daidai inda rijiyarta take a ɗaya gefen. Shekaru ta yi tana jin bayanin Goggo, ba ta buƙaci a ƙara mata ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta durƙusa.

"Goggo," ta ce. "Saboda rijiya na ne kika tafi?"

Goggo ta juya wajen jaririyar. Ta miƙa hannuwanta ga surukar. "Kawo ta in gani."

Aka ɗora mata jaririyar a cinya. Ta buɗe ɗan tafin hannunta ta duba, ta duba fararen idanunta, ta ɗan ja fatar kumatunta kamar yadda ma'aikatan lafiya suke yi. Jaririyar ta kama yatsarta ta riƙe gam.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Goggo. "Alhamdu lillahi."

Kafin la'asar ta ce a mayar da ita. Motar ta tashi a hankali saboda ramukan layin. Ta madubi na ga Maman 'yan biyu tana bin mu a ƙasa, ba takalmi, hannunta ɗaya a kan but ɗin motar, har muka kai bakin kwalta. A nan ta tsaya. Goggo ba ta waiwaya ba. Sai da muka wuce kasuwar Kurudu sannan ta jingina kanta a kafaɗata ta ce, "Yanzu ba ni ruwa."

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwancinta, Ka shayar da ita daga tafkin Alkausara, shan da ba ƙishirwa bayansa. Mu kuma da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.